Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumomin lafiya: a ɗauki hoton kan yaron kafin a tambayi kuɗi

Zuwa ga Mai Girma Ministan Lafiya, da Babban Daraktan Hukumar Kula da Lafiya ta Ghana, da Shugaban Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa.

Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da gaisuwar girmamawa, tare da fatan Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku.

Ni haifaffen Aboabo ne a nan Kumasi, sana'ata kuma ɗaukar hoton marasa lafiya a asibiti. Na fara aiki tun zamanin da ake wanke fim ɗin eksire a ɗakin duhu, daga baya aka koya mini sarrafa na'urar siti-sikan, wadda ke ɗaukar hoton cikin jiki faifai-faifai, kuma a gabanta na shafe mafi yawan shekarun aikina. Da gangan na rubuto muku da Hausa, saboda ina son iyayen da ke Asawase da Sabon Zango da Tafo da Asokore Mampong su karanta abin da na faɗa muku, ko a karanta musu, kuma na san ofisoshinku ba za su rasa mai fassara ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ciwo da ke farawa da mura ya ƙare a kwarmin ido ko a cikin ƙoƙon kai, wanda ya fi kama yara masu tasowa, kuma wanda babu likitan da zai iya tabbatar da shi da ido ko da hannu sai da hoto. Roƙona guda ɗaya ne, sauran maganar duk rassansa ne: idan matashi mai mura ya zo da kumburin ido, ko kumburin goshi, ko ciwon kan da ya sauya kama, a ɗauki hoton da ya dace a wannan ranar, maganar kuɗi ta biyo baya.

Ku yi mini haƙuri in faɗi abin da likitocin cikinku suka riga suka sani, domin iyayen da ke karatu tare da ku. A cikin ƙashin fuskar mutum akwai kogwanni masu iska, huɗu a dama huɗu a hagu: na kumatu, na tsakanin idanu, na goshi, da wani can ciki bayan hanci, kowanne da 'yar ƙofarsa da ke buɗewa cikin hanci. Idan mura ta kumbura fatar cikin hanci sai ƙofar ta toshe, majina ta taru, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Yawanci abin yakan warware da kansa ko da magani. Amma bangon da ya raba kogon tsakanin idanu da kwarmin ido bai fi takarda kauri ba, har masana ilimin sassan jiki suka raɗa masa suna daga takarda, bangon bayan kogon goshi kuwa shi ne shamakin da ke tsakaninsa da tantanin ƙwaƙwalwa. Jariri ba ya da kogon goshi. Ba a fara ganinsa a hoto sai wajen shekara 6 zuwa 8, kuma ba ya gama girma sai ƙarshen shekarun samartaka. A daidai lokacin da yake buɗewa, ƙananan jijiyoyin jinin da ke ratsa ƙashin ƙoƙon kai suna cike da aiki, kuma jijiyoyi ne da ba su da makullin da ke hana jini komawa baya, saboda haka ƙwayar cuta tana iya bin su ta shiga cikin kai ko da ƙashin bai huje ba. Wannan shi ya sa ciwon ya fi samun masu tasowa, maza fiye da mata, kuma yawancinsu yara ne lafiyayyu da ba su taɓa kwanciya a asibiti ba.

Ba sabon abu ba ne. Tun ƙarni na 18 wani likitan tiyata na Landan, Percivall Pott, ya bayyana kumburin goshi mai laushi da ke nuna ƙashin da ke ƙarƙashinsa ya ruɓe, har yau kuma da sunansa ake kiran wannan kumburi. A 1970 wani likita mai suna Chandler da abokan aikinsa suka kasa abin da ke faruwa a ido kashi biyar, daga kumburin fatar ido kawai, zuwa kumburin naman da ke bayan ƙwayar ido, zuwa taruwar mugunya a jikin bango, zuwa maruru a cikin kwarmin, zuwa daskarewar jini a babbar jijiyar da ke bayan ido. Ba kuma ciwon talakawa kaɗai ba ne, domin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton cewa irin wannan mugunya a cikin kawunan yara ta ƙaru a ƙarshen 2022. Bambancin da ke tsakaninmu da su shi ne tsawon lokacin da ke wucewa daga zargin likita zuwa fitowar hoto.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka bari in faɗa muku abin da ya faru a gidanmu. A hunturun bara ɗan ƙanwata, mai shekara 15, yana ajin farko a babbar sakandare ta kwana, ya kamu da mura kamar yadda rabin ɗakin kwanansu suka kamu saboda hazo. Ta yi kamar za ta tafi, sai ta dawo da zazzaɓi da ciwon kai. A ɗakin jinya na makaranta aka ba shi farasitamol da maganin zazzaɓin cizon sauro, da abin ya ƙi aka ba shi izinin zuwa gida. Uwarsa ta kira ni da dare ta ce, "Yaya, yaron nan kansa ke ciwo, ga idonsa na hagu ya kumbura." Na amsa mata ban gan shi ba, na ce Apollo ce, ta saya masa maganin ɗigawa. Kowane ɗan Ghana ya san Apollo, jan idon da ya samo sunansa tun annobar 1969, kuma saboda mun saba da ita ne muke liƙa sunanta a kan kowane ido da ya kumbura. Ban tambaye ta ko ido ɗaya ne ko biyu suka yi ja ba, ban tambaye ta ko yana iya juya idon ba, ban tambaye ta kwana nawa murar ta yi ba. Wannan amsa tawa ta cinye mana kwana uku, kuma har yau tana damuna.

A cikin kwanakin nan uku an kai shi wani ƙaramin asibiti, aka yi masa eksiren fuska, aka ce babu wani abin tashin hankali, aka ba shi kafso. Goshinsa ya tasa, in ka danna sai ka ji laushi kamar kwaɓin fulawa, maƙwabta suka ce ƙwallo ce ta buge shi, a gasa masa da ruwan ɗumi. Sannan halinsa ya sauya. Yaron da ba ya gaida uwarsa a tsaye ya ɗaga mata murya a gaban mutane, ya koma barci da rana tsaka, in an tashe shi ya yi maganar da ba ta da kai. Wasu suka fara raɗa cewa ya soma shan taramol a makaranta, wasu suka ce iska ce, aka kira malami ya yi masa ruƙiyya. Allah Ya saka wa wannan malami da alheri, domin bayan ya gama karatunsa ya dubi goshin yaron ya ce wa uwar addu'a ba ta hana asibiti, su tafi yanzu. Da asuba buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, ya tashi yana jan ƙafar dama.

Da aka kawo shi asibitinmu, na tsaya a bayan abokin aikina lokacin da hoton siti-sikan yake fitowa a kan allo. A zagaye na farko, wanda aka ɗauka ba tare da allurar rini ba, wato ruwan da ake turawa ta jijiya don ciwo ya fito fili a hoto, kogon goshi ya cika ya toshe, amma cikin kai kusan babu abin da ido zai kama, sai dai lanƙwashe-lanƙwashen ƙwaƙwalwa na ɓangaren hagu sun shafe kamar an danne su da tafin hannu. Da aka tura ruwan rinin ta jijiya aka sake ɗauka, sai ga shi ya fito: siririn layi kamar jinjirin wata, bakinsa na haske, ya kwanta tsakanin ƙwaƙwalwa da tantaninta tun daga goshi zuwa gefen kai, ga kuma wata 'yar taruwa a bangon kwarmin ido. A daren aka shiga da shi tiyata, likitan ƙwaƙwalwa ya kwashe mugunyar, likitan hanci ya buɗe kogon. Ya rayu, alhamdu lillahi.

Abin da ya hana ni barci bayan nan shi ne dalilin da ya sa aka ɗauki hotonsa cikin awa guda. An san fuskata. Abokan aikina sun yarda zan biya daga baya, kuma na biya. Uwarsa mai koko da ƙosai ce, kuɗin hoton nan ya fi ribar da take samu a wata, kuma da ba ta da ɗan'uwa a ɗakin hoto da ta bi sahun matan da nake gani ta taga shekara da shekaru. Uwa takan zo da takardar likita a ninke cikin haɓar zani, ta tambayi farashi, ta yi shiru, sannan ta ce, "To, bari in je in dawo." Takan dawo bayan kwana biyu ko uku, ta kwashi adashinta tun lokacinta bai yi ba, ƙaninta ya turo abin da ya samu ta momo, wato kuɗin waya, an yi yekuwa a masallaci bayan Magariba. Wata kuma takan sunkuyo ta tambaye ni a hankali ko akwai mai rahusa, wanda ba na allura ba. Akwai shi, amma a wannan ciwo shi ne wanda ya fi yiwuwa ya ɓoye abin da ake nema, ta biya kuɗi ta tafi da takardar da ta kwantar mata da hankali a kan ƙarya. Mugunyar da ke ƙarƙashin tantanin ƙwaƙwalwa ba ta da bangon da zai tsare ta, tana malala ne a kan ƙwaƙwalwa, kuma yaron da ya shigo da ƙafarsa ranar Litinin yana iya dawowa a sume ranar Laraba. A ido ma haka ne, idan mugunya ta matse jijiyar gani, gani yana iya tafiya cikin awoyi kuma ba ya dawowa.

Saboda haka zancen wane hoto za a ɗauka ba ƙaramin zance ba ne. Eksiren fuska, wanda shi ne ke kusa da talaka kuma shi ne mai araha, ba ya nuna abin da ke bayan ƙwayar ido, ba ya nuna abin da ke cikin ƙoƙon kai, kuma illarsa mafi girma ita ce idan aka ce "ba a ga komai ba" sai iyaye su koma gida da natsuwa. Siti-sikan yana yanka kai faifai-faifai a hoto, ɗaukar kanta ba ta wuce daƙiƙoƙi, kuma babu kamarsa wajen nuna ƙashi: inda bango ya cinye, inda goshi ya ruɓe, da hanyar da likitan hanci zai bi. Da allurar rini mai sinadarin aidin yana raba kumburi da mugunya a kwarmin ido, wato yana gaya wa likita ko magani ta jijiya zai isa ko sai an yanka. Hoton maganaɗisu, wanda ake kira MRI, ya fi shi gani a cikin kai. Yana ɗaukar rabin awa ko fiye, yana da ƙara, yana buƙatar mutum ya kwanta bai motsa ba, amma matashi mai hankalinsa yakan iya jurewa ba tare da an sa shi barci ba, kuma babu hasken eksire a cikinsa ko kaɗan. Akwai wani salon ɗauka a cikinsa da ke auna yadda ruwa ke motsi a cikin nama. Da yake mugunya tana da kauri, ruwan cikinta ba ya sakewa, sai ta fito fari tas ko da kaurinta bai wuce 'yan milimita ba. Shi ne kuma ke nuna jinin da ya daskare a manyan jijiyoyin kai. Wani kuskure da nake yawan gani a takardun turawa shi ne a rubuta "hoton kogwannin hanci" kawai, mai ɗauka ya tsaya a saman gira, alhali ciwon yana sama da inda ya tsaya. Idan ana zargin ciwon ya tsallaka, takarda ta ce kogwanni da kwarmin ido da ƙwaƙwalwa, da allurar rini, a zama ɗaya.

Kada a fahimce ni da cewa kowane mai mura a kai shi hoto. Wannan ɓarnar kuɗi ce kuma cutarwa ce. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1994 ya ɗauki siti-sikan na manya masu mura ta yau da kullum, aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 kogon kumatunsu ya nuna alamar ciwo, kuma yawancinsu sun warware ba tare da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar a 2013 ta tsaya a kan ƙafa biyu: kada a ɗauki hoto don bambance mura da ciwon kogon hanci na yau da kullum, amma a ɗauki siti-sikan mai rini ko hoton maganaɗisu mai rini da zarar an yi zargin ciwon ya shiga ido ko kai. Hasken eksire kuma ba abin wasa ba ne a jikin mai tasowa. Wani babban bincike na Birtaniya da aka buga a 2012 ya nuna yawan siti-sikan a ƙuruciya yana ƙara haɗarin sankarar jini da fitowar ƙari a ƙwaƙwalwa, ko da yake haɗarin ga mutum ɗaya ƙanƙani ne. Abin da wannan ke koya mana shi ne a rage ƙarfin hasken daidai jikin yaro, aikin da ya shafi Hukumar Sa Ido kan Nukiliya da aka kafa da dokar 2015, kuma a ɗauki hoto ɗaya mai kyau maimakon uku marasa amfani. Yaron da aka yi wa eksire, sannan siti-sikan maras rini, sannan mai rini, ya sha haske sau uku kuma iyayensa sun biya sau uku.

Akwai wani haɗari da nake so Hukumar Kula da Lafiya ta duba da kyau. Mu a ƙasar nan idan aka ga zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya a lokacin rani, hankali yakan tafi ga sanƙarau, kuma da gaskiyarmu, domin Arewacin Ghana yana cikin yankin da annobarsa ke ratsawa. Gwajinsa shi ne ɗibar ruwan ƙashin baya. Amma idan akwai mugunya da ke danne ƙwaƙwalwa, zare ruwa daga ƙasa yana iya sa ƙwaƙwalwar ta zame ta matse inda numfashi yake. Yaron da gefe ɗaya na jikinsa ya yi rauni, ko hankalinsa ya gushe, ko ya yi jijjiga, ko goshinsa ko idonsa ya kumbura, a fara masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya nan take, a ɗauki hoto, sannan a yi shawarar allurar baya. Likitan da ke asibitin gunduma ya san wannan. Abin da yake rasa shi ne tabbacin cewa idan ya tura yaron za a ɗauki hoton a daren.

A nan ne nake juyowa gare ka, ranka ya daɗe Shugaban Hukumar Inshora. Dokar 2003 da ta kafa inshorar lafiya, da ta 2012 da ta maye gurbinta, an yi su ne don a kawar da tsarin biya kafin a duba ka, kuma mun ga amfaninsu: yaran da ke ƙasa da shekara 18 ba sa biyan kuɗin shekara, uwa tana sabunta kati daga wayarta ta hanyar *929# ba tare da ta bar kaskon ƙosanta ba. Tsarin ya ce yana ɗaukar lamuran gaggawa. Amma jerin abubuwan da ba ya ɗauka ya ambaci tiyatar ƙwaƙwalwa in ba wadda hatsari ya jawo ba, kuma a tsakanin waɗannan jimloli biyu ne iyalin yaro mai mugunya a kai suke tsayawa ba su san matsayinsu ba. Ina roƙon a fito a rubuta ƙarara cewa siti-sikan mai rini da hoton maganaɗisu, idan likita ya yi zargin ciwon kogon hanci ya shiga ido ko kai, gaggawa ne, da kuɗin ruwan rinin a ciki, kuma kwashe mugunya daga cikin kai gaggawa ce ko da ba mota ce ta buge yaron ba. A sa farashin da asibiti zai iya aiki da shi, a kuma biya a kan lokaci, domin asibitin da ya sayi ruwan rini da kuɗinsa bai ga an mayar masa ba, dole gobe ya nemi kuɗin a hannun uwa. A haɗa da wuraren hoto masu zaman kansu a yarjejeniyar, saboda sau da yawa na'urar da ke aiki a daren tasu ce. A kuma tuna cewa hoto ɗaya ba ya gama aiki. Mugunya tana iya sake taruwa bayan tiyata, maganin jijiya yakan ɗauki makonni, kuma likita yana buƙatar hoto na biyu, wani lokaci na uku, kafin ya ce a tsaya. Iyalai da yawa a hoto na farko ƙarfinsu yake ƙarewa. Ba yara masu yawa ba ne ke kaiwa wannan mataki, don haka ɗaukar nauyinsu ba zai karya asusu ba, kuma duk abin da za a kashe bai kai abin da ƙasa za ta yi asara ba idan saurayi ya makance ko rabin jikinsa ya shanye yana ɗan shekara 15.

Ga Ma'aikata kuma, maganata a kan na'urori ce da hanyar isa gare su. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa a Kumasi ke kira Gee da sunan kamfanin da ya gina shi a shekarun 1950, nan ne ƙwararrun hanci da ido da ƙwaƙwalwa suke haɗuwa a wuri ɗaya, kuma marasa lafiya suna zuwa masa daga nesa da iyakar Ashanti. Wannan ciwo yana buƙatar su ukun tare da likitan hoto a dare ɗaya. Sayen na'ura abin farin ciki ne, amma mu da ke aiki da ita mun san ranar da aka yanke ƙyalle ba ita ce ranar gwaji ba. Siti-sikan yana da fitilar da ke ƙarewa a sauya ta da tsada, na'urar maganaɗisu tana zaune ne a kan ruwan hiliyam mai tsananin sanyi da ba ya son a yi wasa da wutarsa, kuma kowacce tana buƙatar yarjejeniyar gyara da aka biya tun ranar saye. Ina roƙon a samar da lambar waya ɗaya a kowane yanki da likitan gunduma ko ma'aikacin motar asibiti ta 112 zai kira ya ji wace na'ura ce ke aiki a daren, maimakon iyali su yi ta yawo da yaro a tasi daga ƙofa zuwa ƙofa. Likitocin da ke karanta hoto ba su da yawa, mafi yawansu kuma suna manyan birane, amma hoto yana tafiya ta intanet. Wanda aka ɗauka da tsakar dare a wani gari ana iya karanta shi daga Kumasi ko Accra ko Tamale idan an tsara masu jiran aiki. A kuma riƙa ba iyali hoton gaba ɗaya a faifai, ba 'yan zaɓaɓɓun hotuna a fim kaɗai ba, domin na sha ganin an sake ɗaukar hoton da aka riga aka ɗauka jiya saboda likitan tiyata bai sami abin da zai yi aiki da shi ba.

Duk wannan ba zai yi amfani ba idan yaron bai iso ba. Tun da aka fara karatun babbar sakandare kyauta a 2017, yara masu yawa daga Zango suna kwana a makaranta a daidai shekarun da wannan ciwo ke kamu, kuma mutum na farko da ke ganinsu ba likita ba ne, nas ɗin makaranta ce, ko malamin ɗakin kwana, ko mai kemis na bakin layi. Ina roƙon ku haɗa kai da Hukumar Ilimi a buga 'yar takarda guda, da Turanci da Twi da Hausa, a manna ta a ɗakunan jinya na makarantu da shagunan magani. Abin da za ta ƙunsa kaɗan ne. Murar da ta wuce kwana 10 ba sauƙi, ko wadda ta yi sauƙi ta dawo da ƙarfi, a ga likita. Ido ɗaya da ya kumbura ko ya turo waje, ko yake ciwo in an juya shi, ko yake ganin abu bibbiyu, ko jan launi ya dushe masa. Goshin da ya tasa ba tare da an buge ba. Ciwon kai mai tsanani da amai. Yawan barci, sauyin hali, jijjiga, raunin hannu ko ƙafa: waɗannan na babban asibiti ne a ranar, ba na gobe ba. A ƙara da cewa ko gwajin zazzaɓin cizon sauro ya nuna akwai, bai kore wani ciwon ba, domin a ƙasarmu yaro yana iya ɗauke da duka biyun. Mu kuma a Zango akwai namu aikin, kuma ba zan ɗora muku shi ba. Limamanmu da sarakunanmu da gidajen rediyon da ke shiri da Hausa za su iya isar da wannan saƙo cikin mako guda idan kun ba su shi a rubuce, wanzamai su san goshin da ba a yi masa ƙaho, iyaye kuma su san cewa ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke bayan goshi shi ne ke riƙe da kunya da ladabi, saboda haka yaro mai zazzaɓi da ya yi rashin kunyar da ba a san shi da ita ba, a duba kansa kafin a zarge shi da ƙwaya.

Ɗan ƙanwata ya koma makaranta bayan ya rasa zango guda. Yana shan maganin hana jijjiga safe da yamma, rubutunsa bai koma yadda yake ba tukuna, gashi kuma ya fara rufe tabon ɗinkin. Likitansa ya rubuta masa hoton maganaɗisu na bibiya a wata mai zuwa, uwarsa ta riga ta shiga sabon adashi saboda shi. A shirye nake in zo ofishin kowannenku, ko na Daraktan Lafiya na Yankin Ashanti, in zauna da waɗanda za ku wakilta mu rubuta takardar makarantun nan, fassararta ta Hausa kuma na ɗauki nauyinta.

Na gode da sauraro. Allah Ya ƙara muku lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai ɗaukar hoto a asibiti,
Aboabo, Kumasi.